Yadda zaka tattara tarihin barikin kuzan su kakanka ko da kana zaune a Legas

Ni dai takaici ne ya sani cikin wannan aikin. Kakana ya rasu a nan Agege shekara huɗu da suka wuce, mutumin da ya yi samartakarsa yana ɗaukar kwanon sarki a ramukan kuza a wajen Bukuru, kuma kullum in ya fara "lokacin da muke bariki", wato sansanin leburorin kuza, sai mu jikoki mu sulale ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce zai je sayo kati, wancan ya ce ana kiransa a waya. Bayan sadakar bakwai aka buɗe adakarsa, abin da muka tarar shi ne wani ɗan ƙarfe mai lamba a jiki da wata takarda da danshin Legas ya cinye rabinta, sai hoto guda na mutane tara a tsaye riƙe da diga da shebur. A duk gidan babu wanda ya iya faɗin sunan mutum biyu a cikin hoton nan. Toh daga ranar na fara bin tsofaffi, kuma abin da na koya a hanya shi zan zayyana maka, ko kai ɗan Barkin Ladi ne ko Bisichi ko Dorowa ko Gana Ropp ko Sabon Gidan Kanar.

Kada ka ce sai ka tara kuɗin mota zuwa Jos tukuna. Fara daga nan inda kake. Da kuza ta faɗi mutanen bariki watsewa suka yi, wasu Kano wasu Kaduna, da yawa kuma nan Ikko suka gangaro, suna nan a Agege da Idi-Araba da Alaba Rago, kuma in ka shiga kasuwar Mile 12 ɓangaren masu dankalin turawa da kabeji da karas ai rabin hirar da ake yi ta Filato ce. Je ka zauna ka sayi shayi, ka tambaya a hankali waye babba a cikin mutanen Bukuru a nan. Ba za a rasa wanda zai nuna maka ba. Ni ta wurin limamin masallacin unguwarmu na samu tsoho na farko, shi kuma ya turani wurin na biyu, haka abin yake tafiya kamar zaren da ka kama bakinsa.

Ranar farko kar ka ciro waya. Gaisuwa kawai ka je, da ɗan goro ko dabino ko sabulu gwargwadon ƙarfinka, ka faɗi ko kai jikan waye, ka bari su gama auna ka. Tsoho na farkon nan sai da ya tambayeni "Yaro, gwamnati ce ta aiko ka?" na ce a'a Baba, ni jikan wane ne na bariki kaza, ya yi shiru can ya ce "Mai tsayi, mai tabo a ƙafa?" Shikenan, ƙofa ta buɗe. A zuwa na biyu ne zaka nemi izinin ɗaukar murya, ka faɗa masa ƙarara abin da zaka yi da ita da wanda zai ji ta, in ya ce wani wurin a kashe to a kashe, amana ce.

Wajen ɗaukar muryar, wayarka ta isa, ba sai ka je Computer Village neman wata na'ura ba. Amma ka sa ta a yanayin jirgin sama don kar kira ya katse, ka ajiye ta kusa da bakinsa a kan filo ko nannaɗaɗɗen zani, ba a kan tebur ba. Babban abokin gabanka a garin nan ƙara ce, janareton maƙwabta da hon ɗin danfo da masu wa'azi da lasifika. Ni na gano bayan sallar asuba zuwa ƙarfe takwas ya fi, tsoho ma a lokacin kansa ya fi sakewa. Kafin ya fara ka faɗi kwanan wata da sunansa da inda kuke da bakinka a cikin rikodin ɗin, don wallahi bayan wata shida in suka kai ashirin ba zaka tuna wanne ne wanne ba. Awa ɗaya ta isa a zama guda, in ka ga ya fara maimaita kansa ko yana gyangyaɗi ka yi godiya ka tashi.

Tambaya kuma ita ce inda mutane suke ɓata abin. In ka ce "Baba bani tarihin kuza" zai baka wa'azi ne a kan yadda zamani ya lalace. Tambayi ƙananan abubuwa. Nawa ake biya a mako, sule nawa da sisi, ranar me ake biya, wa yake kiran suna, waye heluma, wato shugaban leburori, kuma ɗan wane gari ne, kwano nawa ake so mutum ya ɗauka kafin a ce ya cika aikinsa, me ake ci da rana kuma a wurin wa ake cin bashi, da me ake rufa da sanyin Disamba, ina ake binne wanda rami ya rufta da shi. Irin waɗannan su suke jawo labari da kansa. Da na tambayi wani Baba abin da suke rufa da shi sai ya kwashe minti arba'in yana bani labarin buhun da suka raba su uku da wani Babarbare da wani Bazabarme, da yadda suka haɗa kuɗi suka sayi bargo ɗaya a kantin Bukuru. Ba tambayar da zan shirya a gida da zata fito da wannan.

Kuma don Allah kar a manta da mata. Tarihin bariki rabinsa a hannunsu yake, su ne masu tuwo da suke ciyar da leburori bashi har ranar biya, da yawansu sun yi wankin kuza a bakin rafi da ƙwarya, su suka san wa ya auri wa, wace ce magajiya, wace shekara ƙyanda ta kwashe yara. In kai namiji ne kuma Hajiya ba zata sake da kai ba, tura ƙanwarka ko matarka da wayar. Ni ƙanwata ce ta ɗauko mana waƙoƙin da ake yi wurin wanki, guda shida, daga bakin wata Inna a Idi-Araba.

Tsofaffi basa baka shekara, kar ma ka matsa musu. Abin da zaka yi shi ne ka riƙe wasu turaku a kanka ka riƙa ɗaure labarin a jikinsu. Yaƙin Hitila 1939 zuwa 1945. Zuwan Sarauniyar Ingila 1956, har Jos ta sauka. Ƙaramin jirgin ƙasan nan na Zariya zuwa Jos da Bukuru, wanda ya iso a 1914, an rufe shi a 1957, don haka duk wanda ya ce a cikinsa ya zo kasan kafin nan ne. Babban layin dogo ta Kafanchan kuwa 1927 ya iso Jos. Sai 'yancin kai 1960, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, canjin hannun tuƙi 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira 1973. Sai ka ce "Baba lokacin nan an canza kuɗi ko da saura?" nan take zai gaya maka, har ma ya ƙara da wanda aka haifa a shekarar.

Ya kamata kuma kai kanka ka san ƙashin bayan labarin kafin ka zauna gaban kowa, don ka gane inda maganarsa ta faɗa. Ba Turawa suka fara kuza a ƙasar nan ba, tun kafin su zo ana narka ta a Riruwai ta ƙasar Kano da Liruwen Dalma, ana zuba ta sirara kamar tsinke fatake suna yawo da ita, ganin irin waɗannan a kasuwa ne ma ya sa Kamfanin Neja ya turo mutanensa neman tushenta a 1902, bayan nan Kanar Laws, ma'aikacin kamfanin, ya kafa sansani a Naraguta. Daga nan kamfanoni suka yi ta ɓullowa, Bisichi, Jantar, Ex-Lands, Gold and Base, sai babbansu ATMN da ya haɗiye da yawa daga ƙananan. Saboda injinan haƙa ne aka kafa kamfanin lantarki na NESCO a 1929 ana samar da lantarki daga ruwan Kura. Da Japan ta kama Malaya a 1942 Ingila ta rasa inda take samun kuza, sai aka juyo kan Filato da aikin tilas, wanda tsofaffi suke kira diban gwamna, daga 1942 zuwa 1944 ana ɗebo mutane daga lardunan Arewa ana kawo su cikin sanyin da basu saba ba da ƙarancin abinci, mutane sun mutu sosai musamman wajen aikin dam na Tenti. A 1943 aka haƙo mafi yawa, sama da tan 17,000. Bayan yaƙi kolambait, wani ma'adini da ake samu tare da kuza, ta yi tashe a shekarun 1950 saboda Amurka na saye, a farkon shekarun 1960 aka buɗe masana'antar narka kuza ta Makeri a Jos, a 1972 gwamnati ta kafa hukumar haƙar ma'adinai ta ƙasa, sannan a Oktoban 1985 farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya. Abin da ya rage bayan nan shi ne loto, ramukan da mutane suke haƙawa da hannu suna zura junansu da igiya. In tsoho ya ce maka "ubana diban gwamna ne ya kawo shi daga Katsina" kaga ka samu shekara ka samu dalili a jimla ɗaya.

Sunayen wurare kuwa ka ba su littafi nasu daban. Rubuta yadda tsoho ya faɗa, da yadda Bature ya rubuta, da kuma sunan da masu ƙasar suke kiran wurin da harshensu, don sau da yawa wuri ɗaya suna uku gare shi. Kuru Jenta sunan kamfanin Jantar ne bakin mutane ya tauna, Gindin Akwati har yau wasu Exland suke ce masa, Dilimi zaka ganta a takarda Delimi, Liruwe kuma Liruein. In baka san wannan ba zaka wuce fayil ɗin garinku a gaban idonka baka gane shi ba. Ni ya faru dani.

Toh sai maganar takardu. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna shi ne uwa ga duk abin da ya shafi Arewa. Ka tafi da katin shaida da wasiƙar gabatarwa, ko daga makaranta ko daga ƙungiyarku ta 'yan gari, ka ware kwana uku aƙalla don ba wurin shiga-ka-fito bane. Nemi jerin fayilolin Lardin Filato, waɗanda ake yi wa laƙabi da JOSPROF, da na ofishin sakataren lardunan Arewa wato SNP. Ga wani abu da zai cece ka daga ɓata kwana guda: sai a 1926 aka yi Lardin Filato, kafin nan Jos a ƙarƙashin Lardin Bauchi take, don haka tsofaffin takardun a fayilolin Bauchi zaka neme su. Duk takardar da ka karanta ka rubuta lambar fayil da shekara da shafi kafin ka rubuta komai, ka kuma tambayi ma'aikatan ƙa'idar ɗaukar hoto kafin ka ɗaga waya. Tunda kana Kaduna ka leƙa Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi, ka kuma nemi tsofaffin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939. Mu na Legas muna da wata gata, reshen Ibadan yana cikin harabar jami'ar Ibadan, jirgin ƙasa daga Ebute Metta zai kai ka, can ne takardun babbar sakatariyar gwamnatin mulkin mallaka suke.

Amma fa kar ka je da dogon buri. Takardun nan Turawa suka rubuta don amfanin kansu, tan nawa aka haƙo, eka nawa aka ba kamfani kaza, leburori nawa a wata kaza. Kakanka a ciki adadi ne, da wuya ka ga sunansa sai dai in ya yi laifi ko rami ya kashe shi an yi bincike. Inda na fi samun nama shi ne fayilolin ƙorafi, da rahoton likita a kan bariki, da shari'o'in diyyar gona. Shi ya sa nake cewa murya tukuna sannan takarda. In suka saɓa kuma kar ka yi saurin cewa tsoho ya manta, rubuta duka biyun gefe da gefe, ka sa wa ya faɗa da ina ka gani.

Zancen diyyar gona ya kawo ni wurin da wasu 'yan uwana basa son ji. Ramukan nan da kakanninmu suka ci abinci a cikinsu gonakin wasu ne, na Birom da Anaguta da Afizere da sauransu, an haƙe su an bar musu tuddan ƙasa da kududdufai. In ka rubuta tarihin bariki baka zauna da dattijan ƙauyen da ke gefensa ba, rabin labari ka rubuta. Nasan rikice-rikicen da aka yi a Jos a 2001 da 2008 da 2010, nasan akwai unguwannin da mutum baya shiga haka kawai, kuma takardu da hotuna da yawa na ɓangarorin biyu wuta ta cinye su a lokutan nan. Don haka ka nemi ɗan gari ya yi maka jagora, ka bi ta wurin mai unguwa ko dagaci, ka faɗi abin da ya kawo ka, kuma ka bar siyasar waye ɗan ƙasa waye baƙo a bakin ƙofa, kai kuza ta kawo ka. Wani dattijo Birom da na zauna da shi, da Hausarsa tas, shi ya taka da ni ya nuna min inda layin ɗakunan barikin su kakana yake, yanzu masara ce a wurin, sannan ya nuna min inda gonar ubansa take, yanzu ruwa ne kore shar.

In zaka je Filato, je da rani, ka tafi da rigar sanyi ta gaske don wanda ya saba da zufar Legas Jos zata bashi mamaki. Duk inda ka tsaya ka ɗauki hoto ka kuma adana wurin a Google Maps, tsohon ofis, maƙabarta, gindin injin, harsashin gidan manaja. Kududdufan nan kar kyansu ya ruɗe ka, ramuka ne masu zurfi da gefe mai zubewa, suna cin mutane da shanu. Ramukan loto kuma ciyawa tana rufe bakinsu, ka bi sawun jagoranka. Baƙin yashin da ake zubarwa bayan an tace kuza kar ka ɗebo shi a leda wai abin tunawa, akwai ma'adinai masu tururin da ke cutarwa a ciki. In kuma wani ya nuna maka kan mutum-mutumi na yumɓu da aka tono, hoto kawai, kar ka saya kar ka ɗauka, doka ta hana, a sanar da gidan tarihi. Ai ta hanyar haƙar kuza aka fara gano kayan Nok, wato irin waɗannan tsofaffin mutum-mutumin yumɓu, a 1928, wani kan ma da aka samu a wajen Jema'a sai da ya yi aikin korar tsuntsaye a gona kafin ya kai hannun Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihin Jos a 1952. Kafin ka tafi ma kana iya zuwa gidan tarihi na Onikan a nan Legas ka ga irinsu da idonka.

Adanawa kuma, nan ne na yi kuskuren da har yau yake cina. Takardar kakan nan tawa na kai wani shago aka manne ta da roba mai zafi wai don kar ta ƙara lalacewa, zafin ya sa ragowar tawadar ta dushe, kuma ba a ɓarewa. Kar ka yi. Kar ka sa salatif, kar ka sa abin maƙala na ƙarfe don tsatsa yake yi. Shimfiɗa takarda a inuwa mai haske ka ɗauki hotonta gaba da baya ba tare da filasha ba, ka sa ta tsakanin fararen takardu a cikin fayil, ka ajiye a sama nesa da bango da ƙasa, kasan yadda ruwa yake shiga gidaje a garin nan da damina. Hoton mutane kuma ka mayar musu da abinsu a ranar, kar ka ce zaka kawo gobe. Sunayen waɗanda ke ciki ka rubuta a wata takarda daban, daga hagu zuwa dama, tun mai ganewa yana da rai.

Muryoyin ka yi musu gida uku, waya, da faifan ajiya ko kwamfuta, da intanet kamar Google Drive, ka kuma tura kwafi ga wani ɗan uwa a wani garin. In zaka tura hoto ta WhatsApp tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse shi rubutun ya daina karantuwa. Sunan kowane fayil ya zama shekara da wata da rana da sunan mai magana da barikinsa. Sannan ka zauna ka rubuta abin da aka faɗa kalma da kalma yadda ya fito, in Basakkwace ne bar masa Sakkwatancinsa, in ya ce Ikko kar ka mayar Legas. Aiki ne mai cin rai, awa ɗaya ta murya tana cinye min yammaci uku, amma rubutaccen shi ake iya bincikawa.

Da na haɗa hirarraki goma sha ɗaya sai na kai Shomolu aka buga min ɗan littafi kwafi talatin, ba wani abin a zo a gani ba, na ware na gidan tarihin Jos da na laburaren jami'ar Jos, sauran na masu maganar ne da 'ya'yansu. Kafin a buga ɗin kuwa sai da na koma wurin kowa na karanta masa nasa da ƙarfi, kai ma ka yi hakan. Ina cikin karanta wa Baban nan na farko, na zo inda na rubuta cewa kakana heluma ne kamar yadda muke faɗa a gida tun muna yara, sai ya ɗaga hannu ya ce "Tsaya jikana. Wa ya ce maka? Kakanka bai taɓa yin heluma ba, mai kiran sallah ne a bariki, kwano yake ɗauka kamar kowa. Goge ka gyara." Na ciro biro na gyara a gabansa, sannan ya ce in ɗauko hoton nan na mutum tara, ya sa tabarau ya fara daga na hagu.